Abun da zaɓen saba ya koya mun

Da aka ɗora mun nauyin nemo sabar da dandalinmu na hira zai zauna a kai, wato kwamfutar da ake haya ta riƙe shafi a intanet, abu na farko da na yi shi ne ƙirga membobi, na ga mun haura ɗari biyar sai gabana ya faɗi na ce ai sai babba. Na kama mai furosesa 4, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da RAM giga 8, wato ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi, wata uku muna biyan haya amma duk sanda na buɗe htop, manhajar da ke nuna yawan aikin da saba ke yi, sai in ga layukan furosesa a kwance kamar ba a kunna ta ba. Ashe yawan masu rijista ba shi ne nauyi ba, nauyin shi ne mutum nawa ke ciki a lokaci ɗaya, mu kuwa ko da daddare da hira ta yi zafi da kyar mu kai ashirin, saura sun yi rijista ne kawai sun kama gabansu.

Ganin haka sai na zarme ta ɗaya gefen, na sauko giga 1 kuma ban saka swap ba, wato ɗan wurin da ake yanka a faifai ya tallafa wa RAM in ta cika. Kwana da kwanaki lafiya lau. Ranar da na zo sabunta manhaja ne komai ya tsaya cak, shafi ya ƙi buɗewa, mutane na ta turo mun saƙo wai me ya faru. Da na buga dmesg, umarnin da ke nuna rahoton abun da ya faru a cikin saba, sai ga layi ɗaya, Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar, ya ga RAM ta ƙare ya zaɓi wani aiki ya kashe dan ya ceci kansa, kuma rumbun bayananmu na PostgreSQL ya kashe. Laifina ne ba na kowa ba, dan ko Discourse, manhajar dandalin hira, a takardunsa cewa ya yi giga 1 tare da swap shi ne mafi ƙaranci, ba giga 1 tsurarta ba. Saba ba dan ranar da ake zaune lafiya ake auna ta ba, ana auna ta ne dan ranar sabuntawa da ranar ɗaukar kwafin ajiya, nan take cin RAM sosai.

Wani abu kuma da ya daɗe yana tsorata ni a banza, in ka buga free -m dan duba RAM za ka ga kamar RAM ta kusa ƙarewa alhali Linux ne ke ajiye fayiloli a wurin da ba a amfani da shi, da an buƙata zai saki. Ginshiƙin available, mai nuna RAM ɗin da za a iya amfani da ita, shi ake dubawa.

Amma wanda ya fi cin raina shi ne faifai, dan shi baya ihu, a hankali yake cika. Rubutu kam ba ya cin wuri, hotuna ne, kowa ya ɗauka da waya ya ɗora mega uku mega huɗu, ga log, wato rahoton ayyukan da saba ke rubutawa, na taruwa, ga kwafin ajiya da na saita kullum yana zubewa a kan wannan faifan dai, wanda kuma kuskure ne biyu a haɗe, yana cinye wuri sannan in sabar ta mutu tare za su tafi. Kuma faifai in ya cika rumbun bayanai ba ya iya rubuta komai, ko sharhi ɗaya ba zai shiga ba. Sannan a kula, kamfanonin hayar saba irin su DigitalOcean da Hetzner suna barinka ka ƙara RAM da furosesa ka kuma rage daga baya, amma in ka faɗaɗa faifai shikenan babu komawa.

Yanzu muna kan furosesa 2 da giga 2 da swap, kwafin ajiya na kwana a wani wuri daban, na kuma rage girman hoton da ake iya ɗorawa duk da wasu sun yi ƙorafi. Duk mako nakan buga df -h dan ganin cikar faifai in rubuta abun da na gani a wani ɗan littafi, na yanke cewa ranar da ya taɓa kashi 80 zan kwashe hotunan gaba ɗaya zuwa ma'aji na daban.