Juma'ar da na kusa raba dattawa da ita a Fas

A shekarata ta biyu a ofishin shirya tafiye-tafiye da nake aiki a Kano ne aka fara damƙa mini tawaga ni kaɗai. Kafin nan aikina bai wuce cike takardun biza da neman kujera a jirgin sama ba. Mutum takwas ne, maza biyar mata uku, yawancinsu dattawa. Ziyara za su je Maroko, kuma suka ce tun da za a kashe kuɗin jirgi, a haɗa musu da ganin tsofaffin birane. Kwana bakwai suke da su.

Sauƙin hanyar ne ya ruɗe ni. Layin dogo guda ya zarga Fas da Maknas da Rabat da Kasablanka har Marrakesh, kamar zaren carbi. Daga Kasablanka zuwa Fas kusan awa huɗu, Fas zuwa Maknas ba ta kai awa ɗaya ba, Kasablanka zuwa Marrakesh kamar awa uku. Filin jirgin sama na Muhammad na Biyar da ke Kasablanka ma yana da tasharsa ta jirgin ƙasa. Na buɗe jadawalin ONCF, kamfanin jiragen ƙasa na Maroko, na raba birane biyar a kan kwana bakwai, na sayi dukkan tikiti tun daga Kano saboda na wuri ya fi araha, na biya masaukin kowane dare. Na buga takardar, kowace awa da abin da za a yi a cikinta, na raba wa kowa tasa.

Mun isa Fas ranar Laraba da dare. Tun a bakin tasha lissafina ya fara motsi, domin ƙananan tasi-tasi na cikin gari, masu jan fenti, ba sa ɗaukar fiye da mutum uku. Mu tara ne da ni, ga jakunkuna. Washegari kuma na ga abin da taswira ba ta nuna mini ba: mota ba ta shiga tsohon birnin Fas. Daga ƙofar Bab Bujulud ƙafa ce, lungu bayan lungu, ana gangarawa, ana raɓewa jikin bango in jaki ko mai kura ya taho. Tafiyar da na ba wa minti ashirin ta ci mana fiye da awa ɗaya, saboda gwiwar ɗan shekara saba'in ba irin tawa ba ce. Ga masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihriyya ta kafa a 859, ba wurin da mutum zai wuce da sauri ba ne.

Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, inda kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1815, awa biyu na rubuta mata a takarda. Da suka shiga suka zauna, babu wanda ya ƙara duban agogo. Bayan magariba na matsa kusa da babban cikinsu, na tuna masa cewa gobe ƙarfe tara muna da jirgin Maknas. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, gobe wace rana ce?" Na ce, "Juma'a ce, Baba." Ya ce, "Shekara arba'in ina zikirin Juma'a a Kano, ina roƙon Allah Ya nuna mini ranar da zan yi shi a wannan ɗaki. Yanzu Ya kawo ni, sai ka ce in fita da safe?"

A Kano aka haife ni, na san ana zikirin Juma'a bayan la'asar har faɗuwar rana. Amma lokacin da nake tsara tafiyar, jadawalin jirgi na sa a gaba, ban tambayi ko mutum ɗaya a cikinsu abin da ya fi so ya samu ba. Wannan shi ne kuskuren da har yau nake jin nauyinsa.

Daren nan na nemi mai masauki ya ƙara mana kwana biyu, Allah Ya sa akwai ɗakuna. Tikitinmu na safe da kuɗin otal ɗin Maknas suka tafi a banza. Sai dai asarar ta buɗe mini ido a kan abin da ya kamata in gani tun farko: Maknas ba ta bukatar kwana. Jirage na kaiwa da komowa tsakaninta da Fas duk yini. Ranar Asabar mutum huɗu da ke da ƙarfin ƙafa muka fita da hantsi ba jaka ba kaya, muka yanki tikiti a tasha. Wani fasinja ya ba mu shawara mu sauka a ƙaramar tashar Amir Abdulƙadir, domin garin tasha biyu gare shi kuma ita ta fi kusa da tsakiya. Muka ga ƙofar Bab Mansur da ganuwar da Sarki Maulaya Isma'il ya gina lokacin da ya mai da garin babban birninsa, tsakanin 1672 da 1727. Kafin isha muna Fas. Sauran kuwa sun yini a zawiya, babu wanda ya takura wa wani.

Wata Hajiya a cikinmu, 'yar gidan dukawa ce, ta roƙi a kai ta majemar Shuwara. Ta tsaya a saman bene tana kallon ramukan rini, riƙe da ganyen na'ana'a a hanci saboda wari, tana ba mu labarin fatun jajayen awaki na ƙasar Sakkwato da Kano, waɗanda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da su har Turawa suka san su da sunan fatar Maroko. Wannan ma ba ya cikin takardata.

Rabat, da na ware wa dare guda, ta koma zango na 'yan awoyi a hanya. Mun ga Hasumiyar Hassan, wadda ginin ta ya tsaya da mutuwar Yakubu al-Mansur a 1199, muka ci abinci, muka kama wani jirgin. A Marrakesh kuma na riga na koyi yin tambaya. Na ɗauka dandalin Jami'ul Fana da masallacin Kutubiyya za su fara nema. Ashe malamin da ke cikinmu buƙatarsa ɗaya ce, ya tsaya a kabarin Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da yake karanta wa jama'a duk azumi. Da shi muka fara.

Tun daga wannan tafiya na sauya yadda nake aiki. Kafin in taɓa kwamfuta sai na zauna da kowa na tambaye shi: in an ce abu ɗaya kawai za ka samu a tafiyar nan, wanne ne? Daga nan in duba ranakun mako, musamman Juma'a, wadda shaguna da yawa na tsohon birnin Fas ke rufewa a cikinta. Ban da na daren ƙarshe, masauki biyu nake kamawa, Fas da Marrakesh, maimakon biyar, domin ɗaure kaya da kwance su kowace safiya ya fi tafiyar kanta gajiyar da tsoho. Tikitin doguwar hanya kaɗai nake saya da wuri, kuma ga dattawa aji na ɗaya, inda ɗaki ke ɗaukar mutum shida a maimakon takwas. Na gajerun hanyoyi sai ranar ta zo. Ina barin yini guda babu komai a rubuce, kuma daren ƙarshe dole a Kasablanka, don kada jirgin ƙasa ya makara ya ja mu rasa na sama.

Abokan aikina sun sha ce mini yinin nan da babu komai asara ce, wai mai biyan kuɗi yana son ganin takarda a cike. Ban yarda ba. A tawagar da na raka bara, wasu sun yi amfani da shi sun hau Al-Buraƙ, jirgin nan mai gudun kilomita 320 a awa da aka buɗe a 2018, suka je Tanja suka ga teku. Wata tsohuwa kuma ta ce ita a bar ta ta yi barci, ta wanke kayanta, da la'asar a mai da ita zawiya.