Alhamdulillahi, lamba biyar ya miƙe

Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar na taka daga ƙofar ɗaki zuwa zaure da sanda ɗaya, babu wanda ya riƙe ni. Taku goma sha bakwai, autata ce ta ƙirga. Da na kai bakin zaure sai na zauna a kan dakali na yi kukan da ban yi ba tun ranar da na rataye takalmin ƙwallo. Alhamdulillahi, Alhamdulillahi.

Kun bi labarin tiyatar gwiwata tun daga farko, ba sai na maimaita ba, kuma gaskiya jikina bai kai ba. Gwiwar nan da na yi shekara goma sha uku ina tare 'yan gaba da ita, ana ɗaure ta da bandeji ana yi mata allura kafin a fita fili, ita ce ta zo karɓar bashinta. Ban taɓa sa rigar Super Eagles ba. Joseph Yobo ya buga wa Najeriya wasa 101, aka yi masa wasan bankwana a Fatakwal a 2016. Ni nawa bankwanan a bayan motar kulob aka yi shi, muna dawowa daga wasan waje, ina bin albashin wata biyar da har yau ban gani ba. Da likita ya faɗi kuɗin aiki, Christian Chukwu, wanda ake yi wa laƙabi da Chairman, shi ne ya faɗo mini a rai. Ɗan baya ne kamar ni, kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin Afirka a Legas a 1980, amma a 2019 sai da attajirin nan Femi Otedola ya ba da dala 50,000 kafin aka fita da shi neman magani. Na ce a raina, idan Chairman sai da aka nema masa, ni wa zai tuna da ni?

Ashe akwai.

Daren da za a shiga da ni tiyata a asibitin ƙashi na Dala, aka ce a tanadi jini leda biyu. Ƙanina ya ba da ɗaya, aka rasa ta biyu. Ina kwance ina kallon fanka, haƙorana na haɗuwa, ni da na sha sa kai a inda wasu ke tsoron sa ƙafa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga mutum ya shigo yana ɗan ɗingishi, da ƙurar hanya a gashinsa. Tafiyar na fara ganewa kafin fuskar, domin ni na ba shi ɗingishin. A filin Rwang Pam na Jos ne, ya wuce ni saura shi da gola, na zo ta baya na kwashe shi. Aka ba ni jan kati, shi kuma bai ƙara buga cikakkiyar kaka ba. Shekara ashirin ban iya ɗaga waya na ce masa ya yi haƙuri ba.

Ya tsaya a kaina ya ce, "Kyaftin, kai ne kake rawar ɗari haka? Ina ƙetar taka?" Na buɗe baki in nemi gafara, ya ɗaga hannu. "Bari wannan. Ina ake ɗibar jinin?" Aka gwada, ya dace. Ya kwana a kan tabarma a baranda, shi da ba Musulmi ba har da tashin ƙanina sallar asuba. Ya ce kada in faɗi sunansa. To ban faɗa ba, amma duk wanda ya kalli ƙwallo a Jos a shekarun nan ya san lamba taran da nake nufi. Ɗan'uwa, jininka ne ke yawo a ƙafar da ta karya ka. Allah Ya saka maka, Ya raya maka zuri'a, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Tsofaffin abokan wasana da suka haɗa wasan taimako, kuka fito da tumbi da furfura kuna haki tun minti goma, na ga bidiyon, na yi dariya har ɗinki ya yi zafi. Tsohon golanmu da ya zagaya da kwali, Baba mai wanke mana riguna da ya kawo abin da na san ya fi ƙarfinsa a ƙulle a leda, mai shayin da ke kusa da filin Sani Abacha a Ƙofar Mata da ya yafe bashin da ni ma na manta da shi, likitoci da nas-nas da masu gashin ƙashi: Allah Ya biya muku buƙatunku na duniya da lahira, Ya jiƙan iyayenku, Ya tsare ku daga kwanciyar asibiti, Ya sa kada ku taɓa neman taimako ku rasa. Maman yara kuwa, ba ni da bakin gode miki a nan. Allah Ya ba ki Aljanna.

Akwai waɗanda lokacin da ake biyan kuɗin sa hannu, kafin in iso gida sun riga ni shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Wata huɗu ke nan ko fulashin ban gani ba. Na san hidima ta yi wa kowa yawa. Allah Ya bar zumunci.

Masu kira ban ɗauka ba ku yi haƙuri, maganin yana sa ni barci. Ina zuwa gashi sau uku a mako, don haka mai son zuwa dubiya ya bari sai bayan la'asar. Mutumin Jos ya kira ɗazu, wai in warke da wuri, akwai ramuwar da yake bi na.