Tarihin Rayuwata, Kashi Na 6: Begilar Baba

Makon jiya na tsaya a dawowarmu Zariya, lokacin da aka maido Baba Daffo, wato makarantar horar da kuratan soja da aka kafa tun 1924. A rukunin 'yan badujala yake, begila yake busawa.

Kullum da yamma sai ya zauna bakin ƙofa da tsumma da gwangwanin Brasso, ya yi ta goge ta har in hango fuskata a jikinta. A leɓensa na sama akwai ɗan kanta, wurin da bakin begilar ke zama. Ni kaɗai yake bari in riƙe masa ita, amma busawa, a'a.

Ranar faretin yaye kurata kuwa, ba a magana! Mutane daga Sabon Gari da Tudun Wada har cikin birni suke cika fili. Mai sanda ya wulla ta sama ya cafe, babbar ganga ta amsa, ka ji ta cikin ƙirjinka. Mata na rangaɗa guɗa, mu yara muna bin bayansu ba takalmi, muna taka sawu. Idan aka sa irin kiɗan a Rediyon Kaduna ranar 1 ga Oktoba, sai in ce wa ƙawayena Babana ne, ko da ba shi ba ne. Har yau ina ganin ba a ba mutanen nan girman da ya kamace su ba. Ana tafa wa hafsan da ya karɓi gaisuwa, ba wanda ke tambayar sunan mai busa.

Sai ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976. Da hantsi Baba ya murɗa akwatin rediyonsa ya kamo Legas. Babu labarai, sai badujala zalla, ana ta maimaitawa. Na miƙe zan taka rawa, Inna ta fizgo ni.

"Maigida, lafiya?"

"Ba lafiya ba," in ji shi. "Na ji irin wannan a 1966."

Kafin la'asar labari ya game bariki cewa su Laftanar Kanar Dimka sun kashe shugaban ƙasa, Janar Murtala, a yunƙurin juyin mulki. Baba ya sa kakinsa ya fita, ya bar begilar a kan gado ba a goge ba. Kwana uku ba mu sa shi a ido ba.

Abin da ya faru a gidanmu cikin kwana ukun nan, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.