Idan VNC ya ƙi tashi bayan an sake kunna kwamfuta

Ku ƙannena masu fara kula da saba (server) ta Linux daga nesa, kuskuren da yawancinmu muka faɗa ciki tun farko shi ne yarda da gwajin hannu. Ka buga systemctl start don tada VNC, wato manhajar da ke nuna maka allon kwamfuta daga nesa, komai ya yi lafiya lau, ka kama hanyar gida. Da dare aka ɗauke wuta, aka dawo da ita, na'ura ta tashi amma VNC shiru. Dalili kuwa, lokacin da ka gwada da hannu ka riga ka shiga asusunka, allo yana aiki, intanet ta haɗu. A lokacin tashin na'ura babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya tabbata.

Kafin ka taɓa komai, shiga ta SSH, hanyar buga umarni daga nesa, ka duba abu uku. systemctl is-enabled zai gaya maka ko an ma sa sabis ɗin ya tashi da kansa, domin start daban, enable daban. journalctl -b -u da sunan sabis zai nuna abin da ya faru tun tashin nan. ss -tlnp kuma zai nuna ko akwai mai sauraro a tashar (port) da kake nema: 5900 ga allo na :0, 5901 ga :1, 3389 ga xrdp, wata manhajar shiga daga nesa. Idan ana sauraro amma ba ka iya shiga, matsalar tana wajen ufw, katangar tsaro ta na'ura, ko kuma adireshin IP ya canza, ba a VNC take ba.

Cikin manhajojin VNC, x11vnc ne ya fi wahalar da mutane, saboda ba ya ƙirƙirar allo nasa, yana manne wa wanda yake akwai ne. Idan systemd, mai tada sabis-sabis a Linux, ya tashe shi kafin manajan shiga (mai nuna shafin sa kalmar sirri, kamar LightDM ko GDM) ya buɗe allo, zai nemi :0 ya rasa, ya mutu. Saboda haka a fayil ɗin sabis ka rubuta After=display-manager.service, sannan WantedBy=graphical.target. Ka ƙara Restart=on-failure da RestartSec=5. Kada ka raina layin nan na RestartSec. Idan babu shi, systemd zai sake gwadawa bayan milisakan 100 kacal, kuma ƙa'idarsa ita ce idan sabis ya tashi sau 5 cikin daƙiƙa 10 sai ya haƙura da shi gaba ɗaya. A nan ne za ka ga saƙon “start request repeated too quickly”. Duk gyaran da ka yi wa fayil ɗin, sai ka buga systemctl daemon-reload kafin ya shiga.

Sai batun izini. x11vnc yana buƙatar fayil ɗin Xauthority, mai ɗauke da izinin manne wa allo. A LightDM yana /var/run/lightdm/root/:0, kuma -auth guess yakan gano shi. GDM kuwa wani abu ne: shafin shiga yana da nasa allon, bayan ka sa kalmar sirri sai a buɗe maka wani, galibi :1. Kai kuma kana manne da :0, sai ka ga baƙi ƙirin ka ɗauka na'ura ta daskare. Ƙari a kan haka, Ubuntu 22.04 tana tashi da Wayland, tsarin nuna allo da ya gaji X, wanda x11vnc ba ya aiki da shi. Ko dai ka buɗe /etc/gdm3/custom.conf ka cire alamar # daga gaban WaylandEnable=false, ko ka koma LightDM. A ganina, ga na'urar da za a riƙa sarrafawa daga nesa, LightDM ya fi sauƙin sha'ani.

Kada ka manta da -forever, in ba haka ba x11vnc zai rufe da zarar mutum na farko ya fita. Kuma ka rubuta cikakkiyar hanyar fayil ɗin kalmar sirri, kamar -rfbauth /etc/x11vnc.pass, domin systemd ba ya fassara alamar ~ yadda shell, wurin buga umarni, yake yi.

TigerVNC da xrdp suna buɗe nasu allon, don haka ba ruwansu da wannan rigimar, amma suna da tasu. Idan mutum ya riga ya shiga GNOME, wato tebur ɗin aiki na Ubuntu, a gaban na'ura, sannan ya nemi shiga da asusu ɗaya ta xrdp, baƙin allo zai samu ko a jefo shi waje. Ka fita daga na gida tukuna, ko ka buɗe asusu na daban don aikin nesa. Bayanin yana /var/log/xrdp-sesman.log.

Wani lokaci kuma laifin yana ƙasa da manhaja. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, ka shiga BIOS ka nemi Restore on AC Power Loss ka mai da shi Power On, in ba haka ba na'ura za ta zauna a kashe har sai wani ya danna maɓalli. Faifan da aka kulle da LUKS, tsarin ɓoye bayanan faifai, zai tsaya yana jiran kalmar sirri kafin ma SSH ya tashi. Wi-Fi ɗin da aka ajiye kalmar sirrinsa wa mutum ɗaya ba zai haɗu ba sai mutumin ya shiga, sai ka mai da shi na kowa a NetworkManager, ko mafi kyau ka ja waya. Na'urar da ba a haɗa mata allo ba kuma takan ba da ɗan ƙaramin hoto ko ta ƙi buɗe X, maganinta ɗan filogin HDMI na bogi da ake soka mata a baya.

Kalmar sirrin VNC ta gargajiya haruffa 8 na farko kawai take karantawa, don haka kada ka buɗe 5900 ga duniya. Ka sa -localhost, ka shiga ta ssh -L 5900:localhost:5900.

Idan ka gama gyara, tun kana zaune kusa da na'urar ka yi reboot, kada ka shiga asusu, ka gwada haɗawa daga wata kwamfuta. In ya yi, ka kashe ta, ka zare wayar wuta daga bango ka mayar, ka ga ko za ta tashi da kanta har VNC ya amsa.