Taku Dubu Goma a Gindin Turmi

Wata Lahadi cikin Nuwamban 2024 na kai riɗi buhu uku kasuwar Gujungu. Ciniki ya faɗa, dillali ya cire la'adarsa, mai saye ya ce ba tsabar kuɗi a hannunsa, sai dai ya tura. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 muka saba da haka, har tsofaffin garinmu sun iya cewa "alat ya shigo". Nawa ma ya shigo. Na tsaya a tsakiyar kasuwa hannu wayam, amma ina jin wayar aljihuna kamar ta ƙara nauyi.

Kuɗin nan kowace naira da inda za ta. Na yi niyyar alkama a fadama, ga shi litar fetur ta haura naira 1,000 a lokacin, injin ban-ruwa kuwa ba ya jin lallashi. Sai taki, sai rigunan sanyi na yara. Tun a gida na rubuta lissafin a bayan takardar jarrabawa, domin ni malamin firamare ne a nan ƙaramar hukumar Taura, noma kuma gado. Takardar tana aljihun gaba lokacin da na ratsa layin 'yan waya don in sayi igiyar caji.

Yaron shagon bai miƙo igiyar ba, farin kwali ya ɗago. "Malam, ka taɓa ganin wannan? In kana da shi kai da asibiti sai dubiya." Kafin in ce uffan ya ɗaura mini a hannu. Agogo ne mai baƙar fuska, kusurwa huɗu, kamanninsa sak Apple Watch ɗin da muke gani a hannun 'yan ƙwallo, sai dai kwalin ba ya ɗauke da sunan wani kamfani da na taɓa ji. Ya shafa gilashin, wata jar zuciya ta fito tana bugawa, 78. Ya sake shafawa, hawan jini 120/80. Ya nuna mini wurin sukari, wurin ƙirga taku, wurin amsa kira. "Har barcinka yana aunawa," in ji shi.

Ya ce 30,000. Na taya 18,000, ya ce albarka. Muka daidaita a 22,000. Duka-duka ba mu yi minti goma ba. Ni ɗin nan da sai na yi kasuwa biyu kafin in sayi akuya, ina buɗe mata baki ina duba haƙora. Na sha tunanin wannan daga baya: da kuɗin a hannuna suke, in riƙa zaro 'yan dubu-dubu ina miƙawa, kafin in kai ta goma sha biyar gabana zai faɗi. Amma lamba huɗu kawai na danna. Igiyar cajin da ta kai ni wurin ma sai a kan babur, mun kusa gida, na tuna ban saya ba.

Uwargida ta kalli hannuna ta ce, "Malam, wannan fa?" Na ce agogon lafiya ne. Ta ce, "Wa ye ba lafiya?" Ta juya ta ci gaba da tankaɗe.

Makon farko na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. An saita shi a kan taku 10,000 a rana, in ka cika sai ya girgiza maka hannu ya nuna kofi irin na gasar ƙwallo. Daga gida zuwa makaranta tafiya ce ta kusan kilomita uku, a ƙafa nake zuwa in dawo, da la'asar kuma in gangara fadama. Kafin magariba kofina ya fito. Har nakan ɗaga hannu a majalisa in nuna. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, wannan tafiyar ai shekara goma sha ina yin ta, ba wanda ya ba ni kofi kuma ban ji na rasa komai ba.

Sai ya fara tona wa kansa asiri. Ranar da na wuni ina tura baro ina kai takin gida gona, gumi har cikin takalmi, na duba na ga ko dubu uku bai ƙirga ba. Ranar da na hau babur zuwa Ringim ta hanyar burji mai gargada, ina zaune, ya ba ni fiye da dubu huɗu kyauta. Abin ya ɗaure mini kai har ran da uwargida ta ce in ara mata ta gani. Ta ɗaura, ta ɗauki taɓarya ta shiga surfen gero, daga nan ta wuce dakan fura. Ba ta matsa daga gindin turmi ba, amma kafin azahar agogo ya girgiza ya miƙa mata kofi. Ta cire ta ajiye mini a kan tabarma ta ce, "Ga shi, Malam, wai na je Gumel na dawo." Matan gidan suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ashe ba ƙafa yake kallo ba. Wani ɗan mitsitsin abu ne a cikinsa mai jin motsi, duk lilon da hannu ya yi sai ya lissafa shi taku. Mai tura baro hannunsa a kafe yake, mai daka kuwa hannunta sama da ƙasa. An yi shi ne don mutumin da ke tafiya yana kaɗa hannu a kan kwalta, ba a san da garma ko guga ko taɓarya ba.

Ƙanena da ke karatu a jami'ar tarayya ta Dutse ya zo hutu, shi ya ƙarasa kashe mini jiki. Ya ce ita kanta dubu goman ba likita ne ya yanke ta ba. Na bincika a waya na tarar haka ne. A 1965, shekara ɗaya bayan wasannin Olamfik na Tokyo, wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ya fitar da na'urar ƙirga taku ya raɗa mata suna da ke nufin ma'aunin taku dubu goma. Talla ce, duniya ta ɗauka ta riƙe. Tafiya dai abu ce mai kyau, ba mai musu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. To ka duba macen da ke jan ruwa a rijiya, ta yi daka, ta yi shara, ta yi wanki. Kafin Talata ta cinye na mako. Matsalar da agogon ya zo magancewa ta mai zaman ofis ce da ke hawa mota daga ƙofa zuwa ƙofa. Ni na sayo maganin ciwon da ba nawa ba.

Ga kuma ɗawainiya. Wuta ba ta zuwa mana, caji sai a shagon mai sola, naira 100 kowane kai. Shi agogon duk kwana biyu sai ya nemi nasa, igiyarsa kuma ta daban ce, mai maganaɗisu, duk garin ni kaɗai ke da irinta. Yana manne da waya ta Bluetooth yana tsotse mata batir. Kowace alwala sai na kwance shi, sau biyu ina manta shi a dakalin masallaci. Ƙarƙashin robar kuma ƙuraje suka feso mini. Duk wannan ƙananan abubuwa ne, da a nan ya tsaya da labarin dariya zan bayar.

Majalisarmu ta ƙofar gidan mai unguwa ta koma kamar ɗakin awo. Kowa ya zo sai ya miƙo hannu, "Malam, auna ni." Ni kuma ina jin kaina, ina ɗaurawa ina karantawa. Wannan 118/79, wancan 121/80, kowa lafiya lau. Ban lura ba cewa saurayi ɗan shekara ashirin da tsoho ɗan saba'in kusan lamba ɗaya suke samu.

Cikin masu miƙo hannu har da Kawu, wan mahaifiyata. Ya daɗe da hawan jini, an ɗora shi a kan ƙwaya ɗaya kullum, kuma kuɗin maganin na damunsa. Na auna shi sau uku a ranaku daban-daban, kullum 120 da 'yan kai. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗan nan, ashe sauƙi ya samu." Na ce masa madalla. Ban san ya ɗauki maganar har ya daina sayen ƙwayar ba.

Bayan kamar mako uku, da asuba aka buga mini ƙofa. Kawu ya tashi zai yi alwala jiri ya kwashe shi, yana ta kukan ƙeya. Muka ɗora shi a babur, ni a baya ina riƙe da shi, zuwa asibitin sha-ka-tafi. Ma'aikaciyar lafiyar ta naɗa masa abin awo a damtse ta hura, ta saurara, ta sake. Ta ce 180/110. Ta tambaye shi yaushe rabonsa da magani. Kawu bai yi magana ba, hannuna kawai ya nuna. A daidai lokacin na ɗaura masa agogon a gabanta, don in kare kaina ko don me, ban sani ba. Ya nuna 122/81.

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Haba Malam, kai da kake koyar da yara?" Ta yi mana bayani cewa hawan jini yakan zauna a jiki shiru ba alama, ƙwayar kuma danne shi take yi, ba warkar da shi ba, ranar da ka ajiye ta zai taso. Ta ce in awo ya riƙa kai 140/90 ko ya wuce, magana ta zama ta asibiti. Allah ya taƙaita, ɓarin jikinsa bai shanye ba. Amma kwana biyu ban iya haɗa ido da Inna ba.

Da na dawo gida na ɗauko karan rake na ɗaura masa agogon. Koren hasken nan na bayansa ya kama walƙiya, jim kaɗan jar zuciya ta fito: rake yana da bugun zuciya 76, hawan jininsa daidai. Shi koren hasken ba ƙarya ba ne a agoguna na gaske. Jini yana shanye koren haske, to da yawan hasken da ke dawowa ake ƙirga bugun zuciya. Amma ƙarfin jini a jijiya wani abu ne daban, har masu tsadar da ke kintata shi sai ana daidaita su da abin awon damtse lokaci zuwa lokaci. Batun sukari kuwa, tun Fabrairun 2024, wata tara kafin in je Gujungu, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mutane kada su dogara da agogo ko zoben da ke cewa yana auna sukari ba tare da huda fata ba. Labarin na nan a wayar da na biya kuɗin da ita.

In zan faɗa wa kaina gaskiya, ba lafiya ce ta sa na saya ba. Da babbar sallah wani abokin karatuna ya zo daga Abuja, muna gaisawa agogonsa ya yi haske ya amsa kira a hannu, yara suka kewaye shi. Abin ya zauna mini a rai wata biyar ban sani ba, yaron shagon nan kawai ya taɓa inda ke ƙaiƙayi. Na buɗe akwatin ƙarƙashin gado na ga 'yan uwansa: fanka mai caji da ta yi zafi ɗaya ta mutu, abin aski na lantarki da ban iya riƙewa ba, sifika mai walwali. Kowanne da kaka na saye shi, ranar da na sayar da amfani, kuma babu wanda na fito gida da niyyarsa.

Alkamar ta sha ruwanta, amma da bashi. Kusan lita ashirin ɗin da ke ɗaure a hannuna sai da na karɓa wurin mai bumburutu, na biya bayan girbi da ɗan abin da ya ɗora.

Yanzu in alat ya shigo, wurin mai POS nake fara zuwa in cire, in sayi mai da taki a ɗaure a babur, abin da ya rage shi ke bin layin 'yan waya da ni. In wani abu ya ɗauki idona nakan ce wa mai shi sai kasuwa mai zuwa. Gujungu ba ta gudu, duk Lahadi tana ci, kuma yawancin abin da na ce wa haka kafin Laraba na manta kamanninsa. Nakan kuma juya farashin zuwa litar mai ko kwanon gero, don naira a fuskar waya ba ta da nauyi. Abu ɗaya ya tsallake wannan jiran: abin awon hawan jini na damtse, mai cin batir irin na rediyo. Mu huɗu muka haɗa kuɗinsa, muka kai wa ma'aikaciyar nan ta gwada shi da nata ta koya mana ɗaurawa. Yana gidan Kawu a cikin kwalla, tsofaffin unguwa na zuwa ranar Juma'a.

Agogon kuwa, ɓera ya gaigaye igiyar cajinsa cikin bazara, na zaga Gujungu da Gumel ban samu irinta ba. Autana ne ke ɗaura shi yanzu zuwa makarantar allo, fuskar baƙi ƙirin. Jiya kakarsa ta tsokane shi, ta ce maigidana ƙarfe nawa. Ya ɗaga hannu ya ƙura masa ido, sannan ya saci kallon inuwar katanga ya ce la'asar ta kusa.