Katin USB ɗin da ya koya mini lissafin wuta

Kaset-kaset ɗin tafsirin marigayi mahaifinmu ne suka jawo wannan aiki. Shekara biyu muka yi ni da ɗan yayata muna mai da su cikin kwamfuta a ɗakina da ke Shara Mansur, nan Makka, muka haɗa da hotunan dangi na Kano da na Jidda, har abin ya kai kusan terabayit 2. Wata tsohuwar kwamfutar ofis, 'yar siririya, da na tsinta a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarik da ke Jidda ita ce sabar gidanmu, wato kwamfutar da ke riƙe da komai sauran na'urori suna ɗauka daga gare ta. Na ɗora mata Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, tana kunne dare da rana, kowa a gida yana saurare ta wayarsa.

Matsalarta ɗaya: duk ramukanta USB 2.0 ne. A takarda gudunsu megabit 480 a sakan, wato megabayit 60, a zahiri kuwa da ƙyar nake ganin megabayit 35. In na tashi kwafe komai zuwa faifan ajiya na waje bayan sallar Isha, sai bayan Azahar ɗin gobe yake ƙarewa. Ga ɗauke-ɗauken zuciya, domin muryar mahaifi ba abin da za a bari a faifai ɗaya ba ne.

Na je shagon kwamfuta na sayi katin PCIe, irin wanda ake cusawa a ramin da ke kan allon cikin kwamfuta, mai ramuka huɗu na USB 3.0 da ya fi 2.0 gudu, mafi araha a kanta. Ramukan kawai na ƙirga, ban duba komai ba. Tun a gida na fara ganin sakayya: ƙarfen bayansa dogo ne, na manyan akwatuna, tawa kuwa gajere take so, kuma babu gajeren a kwalin. Na cire ƙarfen na cusa katin haka nan, yana rawa duk lokacin da aka soka waya. Da faifai ɗaya lafiya lau. Ina ƙara na biyu sai in ji ƙas, ƙas, allurar faifan tana bugawa, sannan duka biyun su ɓace. Cikin dare uku kwafin ya yanke sau biyar, hankalina ya tashi, na ɗauka faifan ne ya mutu.

Ɗan yayata ne ya gano. Ya juya katin a hannunsa ya ce, "Kawu, ina wannan yake shan wuta?" Gaskiyarsa. Kowane ramin USB 3.0 ana so ya ba da miliyamfa 900 a bolt 5, huɗu ke nan wat 18. Shi kuwa ƙaramin ramin PCIe x1 na cikin kwamfuta ba shi da bolt 5 ma sam, 12 da 3.3 yake bayarwa, kuma abin da ƙaramin kati zai ja daga gare shi bai wuce wat 10 ba. Faifai mai juyawa ya fi jan wuta a lokacin da yake tashi, to da biyu suka tashi tare sai wutar ta faɗi. Ashe rijiyar ce ba ta da ruwa, ni ina ta zargin guga.

Karo na biyu da takarda na tafi. Abu na farko da na nema shi ne kati mai bakin wutar SATA a bayansa, irin bakin da faifan cikin kwamfuta ke shan wuta da shi, wanda zai sha kai tsaye daga akwatin wutar kwamfuta. Sai gajeren ƙarfe a cikin kwali, na sa mai shago ya buɗe na gani da idona. Na kuma karanta rubutun da ke kan baƙin cif ɗin tsakiya, domin shi ne ainihin katin, sunan kwali ado ne. Akasari Renesas za ka gani, ko ASMedia, ko VIA, ko Fresco Logic. Na ɗauki mai Renesas µPD720201. Windows daga 8 zuwa sama da Linux duk suna gane irin waɗannan ba tare da neman direba ba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, amma mai Windows 7 dole ya nema, saboda bai zo da na USB 3.0 ba.

Akwai wani abin da ba a faɗa a shago. Ramukan huɗu hanya ɗaya suke rabawa, kuma layi ɗaya na PCIe 2.0 megabayit 500 a sakan yake ɗauka. Ga faifai masu juyawa irin nawa, da kowanne ke yin wajen 120, wannan ya isa har da saura. Wanda zai jona SSD, faifai marasa juyawa masu saurin gaske, biyu ko uku kuwa zai ga sun matse juna, gara ya nemi kati mai x4, wato mai layi huɗu, in allonsa na da ramin.

Sakawar ba ta kai minti 20 ba. Na kashe, na zare wayar bango, na danna maɓallin kunnawa don sauran wutar ta fita, na taɓa ƙarfen akwatin kafin in taɓa kati. Ƙurar Makka da na tarar a fankar ta fi ba ni aiki. Wayar SATA ɗin da na samu ta na'urar DVD ce, na cire mata tun da ba mai amfani da ita, na danna katin har ya zauna daram, na ɗaure sukurunsa. Da na kunna na buga lspci, umarnin Linux da ke jero katunan ciki, sunan cif ya fito. Na buga lsusb -t, mai nuna gudun abin da aka jona ta USB, na ga 5000M na USB 3.0 a gaban faifan biyu maimakon 480M.

Daren nan na saki kwafin bayan Isha. Da na tashi sallar Asuba ya gama, wajen awa biyar ya ɗauka. Faifai ɗaya yana nan gefen saba, ɗayan kuma na naɗe shi a rawanin marigayin na kai wa Yaya a Jidda ranar Juma'a, ta jona a talabijin muka saurari tafsirin Suratu Yusuf tare.