Kwalin da na ƙi buɗewa a Inugu

Ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa Baban yara ya shigo, ko takalmi bai cire ba, ya ce, "Sigina ta fito." Shekara tara da aurenmu, na san abin da kalmar take nufi, wato umarnin sauya wa soja wurin aiki, amma ban taɓa jin ta a kanmu ba. Na ce ina? Ya ce Inugu, ƙarƙashin Runduna ta 82. Na ci gaba da tsintar shinkafar nan har na gama, ban san tsakuwa nake zubarwa ko ƙwaya ba.

Duk tsawon aikinsa a Bukavu ban taɓa zaman bariki ba. Haya muke yi a Kurna, tsakanina da gidanmu tafiyar ƙafa ce. Yaro ya yi zazzaɓi, Umma. Gishiri ya ƙare, in aika gidan Yaya. Sunan matar soja kawai nake amsawa, amma zamana irin na kowace matar aure ne a Kano. Da na kai wa Umma labari sai ta ajiye carbi ta ce, "Bariki kuma, 'yar nan?" Kowa ya san nauyin kalmar a bakin Bahaushe. In aka ce wance 'yar bariki ce, ba yabo ba ne.

Muka ɗaure kaya, muka bi ta Lafiya, muka haye gadar Binuwai a Makurɗi, Otukpo, Obollo-Afor, har mahaɗar da suke kira Nain Mayil. Ƙasa ta koma ja jawur, ga tuddai, ga itatuwa sun haɗe kai. Autana ya tambaye ni ko har yanzu muna Najeriya.

Ciki da falo aka ba mu a wani dogon bulo, ƙofofi a jere kamar ajin makaranta, baranda ɗaya ta kowa da kowa. Ba zaure, ba katanga, ba inda mace za ta cire ɗankwali ta sha iska. Ka yi tari, na kusa da kai ya ce sannu. Ranar da muka sauka na kwance komai, gado, katifa, tukwane, sai kwali ɗaya. A cikinsa kwanukan tangaran ne da kuloli shida da Umma ta saya mini lokacin biki, waɗanda ko a Kano sai baƙo na musamman ake fito wa da su. Na tura shi ƙarƙashin gado na ce a raina ba zama na zo yi ba, da wata siginar ta fito sai dai a ɗauka a sa a mota.

Kwana uku ban leƙa baranda ba. Rana ta huɗu aka ƙwanƙwasa, na buɗe na ga wata dattijuwa doguwa, Bacama daga Numan, ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Ni ce Magajiya. Madam, ba a zaman ɗaki a nan." Na yi mamakin jin sarautar Hausa a tsakiyar ƙasar Ibo, ashe ko'ina aka je a barikokin sojan ƙasar nan shugabar matan sojoji Magajiya ake ce mata, ko wace ƙabila ce. Ta zayyana mini dokoki a tsaye. Asabar da sassafe shara da wankin kwata, kowace mace da tsintsiyarta. Baƙo ba ya kwana sai an sanar. Faɗa a bakin famfo, ba ke za a kira ba, mijinki ne zai tsaya gaban RSM, babban sajemanje mai kula da ɗa'ar sojoji, ya yi bayani. Wannan ta ƙarshen ita ta fi tsaya mini a rai. Bakina da hannuna yanzu suna cikin fayil ɗin aikin wani.

Ga kuma igiya. A bariki mace ba ta sa kaki amma tana ɗauke da muƙamin mijinta a ka. Matar kofur ta san inda za ta zauna a taro, matar saje ta san nata wurin. Matan hafsoshi ƙungiyarsu daban, NAOWA, tamu ta matan ƙananan sojoji NASWA. Har yau abin bai gama kwanta mini ba, don na ga mace mai hankali ta yi shiru a gaban wadda ba ta kai ta ba, saboda kawai abin da ke kafaɗar mazajensu.

Ruwan sama kuwa, mu da muka saba da damina wata huɗu, a nan tun wajen Maris ake farawa sai Oktoba ta wuce. Wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba. Kukar da na taho da ita ta dunƙule, daddawa ta yi fari da funfuna, na zauna na tasa su a gaba ina hawaye kamar an yi mini mutuwa. Abin haushin, da rani ya shigo garin nan mai yawan ruwan sama sai an bi motar tanka da jarkoki.

Maƙwabciyata ta ƙofar dama 'yar Tibi ce daga Gboko, mijinta kofur. Hajiya take kira na, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Ita ta fara ja na kasuwa. Muna tafe na ji wata mai talla tana ƙwala kira, "Abacha! Abacha!" Na ja na tsaya ina waige-waige, ni 'yar Kano. Matar nan ta yi dariya har ta dafa bango. Ashe abinci ne, rogo ake yankawa siriri a busar, a jiƙa a kwaɓa da manja. Okpa kuma da suke ci da safe, da na gutsura na ji ɗanɗanon da na sani, gurjiya ce aka niƙa aka dafa a ganye kamar alala. Yanzu yarana ba sa tafiya makaranta sai da ita.

A kasuwar mami na ji labarin da ya sauya mini lissafi. Na ɗauka "mami" wata kalmar Turanci ce kawai. Ashe sunan mace ne, Mammy Ochefu, 'yar Idoma, matar wani ƙaramin soja a lokacin, Anthony Ochefu, wanda daga baya ya zama gwamnan soja a nan Inugu a 1975. A 1959, a barikin Abakpa na garin nan, ta fara dama kunu tana sayar wa sojoji. Aka yi ƙorafin ƙuda, ta daina, masu sha suka matsa, aka ware mata wuri a bayan bariki. Daga nan kowane bariki ya samu kasuwar mami. Na dawo gida ina ta juya maganar. Kunu dai, wanda nake damawa ido a rufe. Sati biyu bayan nan na sa aka kawo mini gero kwano biyar daga wajen 'yan Arewa na kasuwar Artisan, na fara da kunun zaƙi a robobi, na ƙara da kunun gyaɗa da azumi ya zo. Baban yara ya ɗan yi gunaguni, wai matar saje da talla. Na ce ba talla nake ba, a baranda nake zaune, su suke zuwa.

Wajen geti labari ne daban. A watan Agusta na 2021 masu fafutukar Biyafara suka fara sa mutane zaman gida na ranar Litinin a yankin nan, don haka lokacin da muka zo Litinin ba ranar fita ba ce, kasuwanni a rufe, titi fayau. Tun zuwanmu ya gargaɗe ni kada in faɗa wa kowa a waje aikin mijina, kada in bar hotonsa da kaki a fuskar wayata. Da hijabina da harshena, ga shi kuma matar soja, baƙuntata ninki biyu ce. Amma ba zan yi wa mutanen garin ƙarya ba. Mai sayar mini da manja a kasuwar Ogbete ta taɓa bi na da gudu da canjin da na manta. Wani tsoho mai goro kuma ya ce mini, "'Yata, ai magajin garin Inugu na farko namu ne, Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, kuma mutanen nan ne suka zaɓe shi tun kafin 'yancin kai."

Ba mu cika shekara ba aka ɗebi bataliyarsu zuwa Borno, Operation Haɗin Kai. Matar soja ba a ba ta ranar dawowa. Umma ta bugo ta ce in tattaro yara in dawo, zaman me zan yi babu miji. Na ce to, sai ƙarshen zangon karatu. A daren da autana ya sanƙare da zazzaɓi, ƙarfe biyu, ihu ɗaya na yi. Kafin in lalubo mayafi maƙwabciyata ta saɓe shi a kafaɗa, ɗaurin ƙirji kawai gare ta, ba takalmi, ta nufi asibitin bariki a guje ina bin ta a baya. Ta zauna da ni har asuba tana addu'arta, ina tawa.

Akwai motar da kowace mace a bariki ta sani. Wata Laraba da hantsi ta shigo layinmu a hankali. Hafsa ya fito, sai liman, sai Magajiya a bayansu ta sunkuyar da kai. Ina riƙe da ludayin kunu. Duk matan bulo muka miƙe a ƙofofinmu, ba mai magana, rediyon wani ɗaki kaɗai ke ta surutu. Da aka ga liman ne ba fasto ba, Kiristocin suka juyo suna kallonmu mu huɗu Musulmi. Suka wuce ƙofa ta farko. Suka wuce tawa. Suka tsaya a ta ƙarshe, ɗakin wata yarinya 'yar Biu mai goyon wata biyar. Allah Ya yafe mini, abin da na fara ji a ƙirjina sauƙi ne, kunyar ta biyo baya, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Danginta suna nesa, sai sun kwana a hanya. Mu ne masu zaman makoki. Magajiya ta raba aiki, aka ce ni ce mai tuwo, tunda ni na san abin da 'yan gaisuwa daga Arewa za su iya ci. Na tuƙa, na kaɗa miyar kuka, sai na rasa abin zubawa, don kwanukan da nake amfani da su ba su fi na mutum biyar ba. Na durƙusa na jawo kwalin nan. Gindinsa ya jiƙe da danshi, yana fitowa ya yage, faranti biyu suka zube suka fashe. Na wanke sauran na jera a baranda, maƙwabciyata tana ɗauka tana juyawa tana cewa, "Hajiya, dama kina da irin wannan kika ɓoye?"

Kwana bakwai kulolin Umma suna yawo tsakanin ɗakina da ɗakin makoki. Ranar da yarinyar za ta tafi, don ɗakin bariki ba a gadonsa, na cika babbar kular da dambu na miƙa mata ta tagar mota. Ta ce za ta aiko da ita. Na ce ta bar shi.

Zangon karatu ya ƙare, wani ya shigo, ban tafi Kano ba sai da sallah, na yi sati biyu na dawo saboda masu kunu suna ta kira. Baban yara ya dawo bayan wata goma sha huɗu, ya rame, ƙarar murfin tukunya tana firgita shi, wannan kuma maganar wata rana ce. A bikin WASA na ƙarshen shekara, wanda sunansa ya yi daidai da abin da ake yi a cikinsa, aka sa ni a layin matan bulonmu wajen jan igiya, da hijabina da komai. An kayar da mu tun ja na farko.

Kuloli biyar suka rage, suna kan kanta a falo, ɗaya murfinta ya ɓata a gidan sunan wata 'yar Ibibiyo. Jiya Baban yara ya ce ana raɗe-raɗin sigina za ta fito kafin damina, wataƙila Fatakwal, wataƙila Jos. Na ce ya nemo mini kwalaye a kasuwar mami, masu kauri, kuma wannan karon a ɗora su a kan benci.